Ni da Dattijon da Ke Neman Giyar Ganga

Shekarun baya, lokacin ban daɗe da zuwa Greensboro ba, na yi wani aiki da har yau ban ba mahaifiyata cikakken labarinsa ba. Abin da ta sani shi ne ina kula da wani tsohon Bature a gidansa. Ba ta san cewa ɗan nata, wanda ta yanka wa rago ranar saukarsa, ya shafe ranakun Asabar na makonni da dama yana zagaya ƙauyukan North Carolina yana cigiyar gidan giya ba. Ku dakata da salatin tukuna, bari in faro muku daga farko.

Wani abokina ne ya samo mini aikin, a ɗaya daga cikin kamfanonin nan da ke tura masu kula da tsofaffi gida-gida. Kafin nan lodi nake yi a wani ɗakin ajiyar kaya, bayana har ya fara kai ƙara. Sabon aikin bai da nauyi: ka zo da safe, ka taimaka wa mutum ya yi wanka, ka ba shi magani, ka dafa masa abinci, in yana da ganin likita ka tuƙa shi a motarsa, da la'asar ka kama gabanka.

Wanda aka haɗa ni da shi ɗan Ingila ne, dogo, siriri, ya haura tamanin. Tun yana saurayi ya zo garin a matsayin injiniyan masaƙa, zamanin da masaƙu ke riƙe da garin, ya yi aure ya zauna. Masaƙun suka rufe ɗaya bayan ɗaya, abokan aikinsa suka watse, sannan matarsa ta rasu shekara guda kafin zuwana. Idonsa ya yi rauni, an karɓe masa lasisin tuƙi. Gidansa na Sedgefield, kusa da filin wasan golf, irin unguwar nan da maƙwabci zai fito da mota daga gareji da safe, ya dawo da yamma ƙofar garejin ta haɗiye shi, shi ke nan sai gobe. 'Yarsa ɗaya ce, tana wata jiha can arewa da mijinta da 'ya'yanta.

Matsalar dattijon ita ce ba ya cin abinci. Ba wai wata cuta aka gano ba, an yi gwaje-gwaje an rasa. Kullum dai ramewa yake yi, wandonsa sai da na ƙara wa bel ɗin huda. Ma'aikaciyar jinya tana zuwa ta ɗora shi kan sikeli, ta girgiza kai, ta kira 'yar a waya. Ita kuwa 'yar ta riga ta yanke magana: za ta zo hutun bikin godiyar da suke yi a ƙarshen Nuwamba, in ta tarar yana ci gaba da ramewa, za ta sayar da gidan ta kai shi gidan kula da tsofaffi kusa da ita. Ba mugunta ba ce, tsoro ne, na ji shi a muryarta. Shi kuma ya ce da ni, yana kallon bishiyar da matarsa ta dasa a bayan gida, ba zai bar gidan nan ba sai a cikin akwati.

Ni fa ina ji da girkina. Zaman gwauro a Amurka ya koya mini abin da ƙannena mata ba su koya mini ba. Na koyi dafa nasu irin abincin ma, dankali da kifi da miyar kaza mara yaji. In na gama sai in shirya masa a tire, in ajiye a teburin cin abinci, in ja masa kujera, in ce a ci lafiya, in fita. Nawa abincin yana cikin kula a mota, can nake zuwa in ci. Haka aka tarbiyyantar da ni. A gidanmu in ka kai wa babba abinci, ka durƙusa ka ajiye, ka tashi ka ba shi wuri. Yaro ba ya zama yana ƙirga wa babba loma, balle ya sa hannu a kwanonsa. Ina yin haka ina jin na cika ɗan mutunci, har ina tausaya wa dattijon da bai samu irina da wuri ba.

In na dawo sai in tarar ya taɓa cokali biyu ya ture. Na rage gishiri, na ƙara gishiri. Na canza mai. Har wajen wata Anti da ke sayar da abinci a High Point Road na je neman shawara, ta ce, "Turawan nan ai sai da bota, ka zuba masa bota da yawa kawai, zai ci." Na zuba bota, bai ci ba.

Wata safiya, bayan ƙaramar Sallah da 'yan kwanaki, ganyaye sun fara rinewa, ina taje masa kai sai ya ce yana da wata buƙata. Yana so in riƙa fita da shi ranar Asabar zuwa ƙauye. Ya ji an ce akwai ƙananan mashaya a karkara da suka fara yin irin giyar garinsu, yana so ya ɗanɗana kafin ya mutu.

Na ce ai giya ta cika kantunan garin nan, me ya kai mu ƙauye? Ya kalle ni kamar na zagi kakansa. Ya zaunar da ni ya yi mini karatu. Ta kanti, in ji shi, matacciya ce: an tace ta, an dafa ta, an ɗura mata iskar gas, an sanyaya ta har harshe ba ya jin komai. Ta garinsu kuwa da ranta ake zuba ta cikin ganga, ta ci gaba da nuna a ciki, a ajiye ta a ɗakin ƙarƙashin ƙasa mai ɗan sanyi, a riƙa janyo ta da famfon hannu. In aka buɗe ganga, cikin 'yan kwanaki sai an shanye ta ko ta lalace, shi ya sa ba kowa ke yarda ya sayar da ita ba. Ina saurarensa ina istigfari a zuci, amma gaskiya na gane abin da yake nufi. Ni ma da wani ya miƙo mini yogot ɗin roba ya ce kindirmo ne, da mun ɓata.

Na ce masa zan yi tunani. Na kira 'yar, ina fatan ta hana in huta. Sai ta ce likita ya ce kofi ɗaya ba zai yi masa illa ba, kuma duk abin da zai fitar da shi daga gida ita tana maraba da shi, tuƙa shi ai yana cikin aikina. Ta bar ni gaba kura baya sayaki.

Ranar Juma'a bayan an sauko na tsare malaminmu, wani dattijo mutumin Nijar da ke tuƙa tasi da rana yana karantar da mu da yamma. Na zayyana masa komai, har da ramar tsohon da maganar sayar da gida. Ya daɗe yana shafa gemu.

"Mi kake so in ce maka?" in ji shi. "Ka san hukuncinta, na san hukuncinta. In ka iya kauce wa tafiyar, kauce. Ba ni ce maka tafi."

Na ce to in ban kai shi ba fa, ya ci gaba da ƙin abinci?

"Wannan aikin lokotoron asibiti ne, ba nawa ba. Amma in zuciyarka ta rinjaye ka, kada ka saye ta, kada ka ɗauke ta, kada ka zauna inda ake shan ta. Kuma kada ka je ka ce ni na aike ka."

Na kwana ina juya maganar. Da safe na je na tarar dattijon ya riga ya shirya da kansa, abin da bai taɓa yi ba. Ya sa wata tsohuwar kwat mai ruwan ƙasa da ta yi masa yawa, ya ɗaura lakataye a karkace, ya zauna a bakin gado da hularsa a gwiwa yana jirana. Duk jawabin ban haƙurin da na haddace a hanya ya gudu. Na gaya masa sharuɗɗana: zan tuƙa, amma ba zan shiga ba, ba zan saya ba, ba zan riƙe masa kofi ba. Ya ce ya yarda.

Asabar ta farko muka yi arewa, ta Summerfield. Kunya ce in faɗa, amma duk zamana a garin ban san akwai irin wannan wuri a bayan gari ba. Abin da na sani shi ne ɗakina, wurin aiki, masallaci, sai kantin da muke sayen garin masara da manja. Ashe mintoci kaɗan da barin fitilun titi sai gonaki. Dawakai a cikin farin shinge, wasu har da bargo a bayansu, na ce lallai dokin nan ya fi ni gata. Tsofaffin rumbunan katako da ake shanya taba a da, sun karkace sun yi baƙi. Ƙananan coci-coci farare, kowanne da maƙabartarsa a gefe. Bishiyoyi kuwa sun yi ja, sun yi ruwan ɗorawa, iska na kaɗo ganyen kan gilashin mota.

Ba shi da adireshin kirki. Labarin wani ne ya ce wani ya ce. Mu tsaya a gidan mai ya leƙa ya tambaya, a nuna mana wata hanya, mu bi ta ta ƙare a ƙofar gonar wani. In mun dace da wurin, sai in faka can ƙarshen fili, bayan wata babbar mota in akwai, in zame cikin kujera in ja hula. Tsorona kada wani ɗan tasi daga cikin mutanenmu ya kawo fasinja ya gan ni. A ƙauyen da ko baƙar fata ɗaya ban gani ba tun safe, ni ina ɓuyar wa Bahaushe. Amma duk wanda ya san mu ya san ba a raina wannan, kafin in iso gida labari ya riga ni zuwa Kano.

Shi kuwa sai ya dogara sandarsa ya shiga. Ba ya daɗewa. Zai fito yana yamutsa fuska, ya shiga mota ya ja ƙofa da ƙarfi, ya ce sanyi kamar ƙanƙara, kumfa kamar lemon kwalba, ga talabijin a kowane bango ana ihun ƙwallo. Wani wurin ma sun kafa famfon hannun don ado kawai, ba a haɗa shi da komai ba. Wannan ya fi ɓata masa rai, ya yi ta mita har muka shigo gari.

Haka muka yi Asabar bayan Asabar. Na yi sallar Azahar a wurare iri-iri: bayan mota, gefen gonar masara da aka girbe, wata rana wani doki ya zo ya jingina kansa a shinge ya kalle ni tun daga kabbara har sallama. A mota dattijon yakan yi hira, abin da ba ya yi a gida. Na yi ta murna ina cewa iskar ƙauye za ta buɗe masa ciki. Amma ranar Litinin in ajiye tire in fita, in dawo in tarar da shi yadda na bar shi. Ma'aikaciyar jinya ta zo ta auna, ya sake raguwa. Nuwamba ta kama. Na fara tambayar kaina, ga zunubin da nake tsoro, ga kuma ba biyan buƙata, to me na ci?

Sai wani mai gidan mai ya ba shi labarin wani wuri can cikin duwatsun yammacin jihar, wai mai wurin a Ingila ya koyo sana'ar. Tafiyar ta fi duk waɗanda muka yi nisa. Na ce masa wannan ce ta ƙarshe, ya ce ya ji.

Muka fita da sassafe. Hanya ta yi ta hawa tana lanƙwasa, kunnuwana suka toshe. A can sama ganyen ya riga ya zube, sai duwatsu jere bayan jere, shuɗi-shuɗi, hazo kwance a tsakaninsu. Wurin wani tsohon gida ne na dutse da katako a bakin rafi, hayaƙi na fita ta saman rufinsa. Babu babbar motar da zan ɓuya a bayanta, filin ma ƙarami ne, dole na faka daidai taga.

Don haka na ga komai. Na ga mai wurin ya kama wani dogon hannun famfo ya ja shi a hankali, ya sake ja, har kofin ya cika da wani abu mai ruwan ƙasa. Na ga dattijon ya ɗaga kofin wajen haske yana dubawa. Ya lallaɓa zuwa wani ƙaramin tebur kusa da murhu ya zauna. Akwai mutane a ciki, 'yan yawon hawan dutse da jakunkunansu, wani saurayi da budurwarsa, kowa da teburinsa, kowa da hirarsa. Ya kurɓa sau ɗaya ya lumshe ido. Na kawar da kai na ce a'uzubillahi, amma ƙarya nake in na ce ban ji daɗi a raina ba. Na ce yau dai an huta.

Da na sake dubawa yana zaune, hannuwansa biyu a kan tebur, kofin na gabansa, yana kallon mutane. Ya juya wajen na kusa da shi kamar zai yi magana, mutumin ya yi masa ɗan murmushi ya koma kan taswirarsa. Can sai ya miƙe ya ɗauki sandarsa. Kofin ko rabi bai yi ba.

Ya shigo mota, bai ja ƙofar da ƙarfi ba. Na ce, "Ita ma ba ita ba ce?"

"Ita ce," in ji shi. "Ita ce sak."

Na tayar da mota. Muka fara gangarowa. Da muka kai wani wuri da aka faɗaɗa gefen hanya don masu tsayawa kallon kwari, ya ce in tsaya. Bai fita ba, gilashi kawai ya sauke.

Nan ya ba ni labarin mashayar ƙauyensu. Ɗaki ne guda mai gajeren rufi, da dogon benci a jikin bango. Babansa da manoman ƙauyen kowa da wurin zamansa, ba wanda ke zama a na wani. In ka turo ƙofa, kafin ka cire hula an kira sunanka. Ba wanda ke saya wa kansa shi kaɗai, wannan ya saya wa kowa, in an shanye na gaba ya tashi ya saya. A nan ake jin saniyar wa ta haihu, wa ke kwance ba lafiya, wa za a je a taya girbi. Ya ce shekara sittin yana tuna ɗanɗanon abin nan, yau ya same shi, sai ya tarar ba ya wucewa a maƙogwaro. A can, in ji shi, ba wanda ke shan ta shi kaɗai.

 Don in ɗan sassauta masa sai na ce mu ma muna da irin wannan, sai dai ba giya. Na ba shi labarin ciyayya a ƙofar gidanmu: bayan Magariba a shimfiɗa tabarma, kowane gida a fito da kwanon tuwo, babana da maƙwabtansa su kewaye, a ci na wannan a koma na wancan, a yi tsiya a kan miyar gidan da gishiri ya yi wa yawa. Baƙo in ya zo wucewa sai an ce masa bisimilla. Ina ba da labarin ina jin daɗin bakina, har da kwaikwayon muryar wani maƙwabcinmu mai kurma-kurma.

Ya saurara har na gama. Sannan ya juyo ya dube ni.

"To in haka kuke, me ya sa kai kake guduna?"

Na ce guduwa kamar yaya?

"Kana ajiye mini abinci ka fita ka ci naka a mota. Ina ganinka ta taga. Na ɗauka addininka ne ya hana ka ci da ni, ko kwanukana ne, tunda an ci naman alade a cikinsu. Ban so in tambaya in sa ka a takura ba. Na yi tunanin in ce a sayo sababbi, sai na ga kada ka ɗauka ina neman tilasta maka."

Wallahi ji na yi kamar an watsa mini ruwan sanyi. Na shiga rantsuwa ina bayani, harshe na harɗewa. Na ce ba addini ba ne, ba kwano ba ne, girmamawa ce. A wurinmu yaro ba ya zama a gaban babba yana cin abinci. Yadda nake yi masa haka nake yi wa mahaifina, ban rage komai ba.

Ya gyaɗa kai a hankali. "Shi mahaifin naka, in ka ajiye masa ka fita, wa ke zama da shi?"

Na ce abokansa.

"To ni nawa suna maƙabarta."

Bai faɗe ta da ɗaci ba, kamar mai faɗin ƙarfe nawa ya faɗe ta. Ni kuwa na riƙe sitiyari na rasa inda zan sa idona. Ashe rabin al'adar na ɗauko daga gida. Na zo da tashin yaro, na baro dattawan da ake tashi a bar mutum da su. A gidanmu in na ba babana wuri, cikin mutane na bar shi. A nan kuwa in na fita, daga shi sai ƙarar firij.

Na buɗe ƙofa na zagaya na ɗauko kulata a kujerar baya. Shinkafa da wake ce da mai da yaji, abin da na dafa wa kaina da asuba. Akwai wata gajeriyar katangar dutse a bakin wurin, na kama hannunsa na zaunar da shi, na ajiye kular a tsakaninmu. Cokali ɗaya ne, na ba shi, ni na wanke hannu da ruwan gorar alwalata. Na ce bisimilla, na fassara masa.

Ba zan ɓoye muku ba, lomar farko da kyar ta wuce. Shekara talatin na tarbiyya suka tsaya mini a wuya. Kaina a ƙasa, ina tsakurar gefen da ke gabana kamar amarya, ina ji kamar babana na tsaye a bayana. Shi kuwa ya kai cokali ɗaya, yaji ya kama shi, ya yi tari har hawaye, ya ce wannan abinci ne ko hukunci? Na ce ya ture yajin gefe. Ya ce a'a, a bar masa kayansa. Ya sake kai wani. Muna ci yana tambayata yadda ake noman wake, ni ina tambayarsa yadda injin saƙa yake. Ban ankara ba sai na ji cokali na kankarar gindin kula.

Ba zan ce muku daga ranar ya zama Bagobiri mai cin tuwo malmala uku ba. Tsoho ne, cikinsa ya riga ya tsuke. Amma daga Litinin na fara jera faranti biyu, kuma na lura in ina ci yana ci, in na tsaya ya tsaya. Sai na koyi jan abinci, ni da na saba gamawa kafin a ƙifta ido. Wata rana ya ci rabi, wata rana ya cinye har ya nemi ƙari. Ya gaji da dankalinsa ya ce in riƙa dafa mana irin nawa. Da ma'aikaciyar jinya ta zo, sikeli bai ragu ba. Zuwa na gaba ya ɗan motsa sama, kaɗan dai, amma ta sake aunawa don ta tabbata. Maganar giyar ganga kuwa bai sake tayar da ita ba, ni ma ban tuna masa ba.

'Yar ta iso kwana ɗaya kafin ranar da ta ce, da rana tsaka, ba sanarwa. Ina jin so ta yi ta ga gaskiyar lamari da idonta. Ta buɗe ƙofa da makullinta ta same mu a tebur, ni da hannu cikin dafa-duka, shi da tawul a wuya yana gumi yana ba ni labarin wani manajan masaƙa da ya faɗa cikin kwatamin rini. Na zabura zan miƙe, tsohuwar ɗabi'a. Ya dafe mini hannu. Ita kuma ta tsaya a bakin ƙofa da jakarta a kafaɗa, tana kallon farantinsa.

Bai ko ɗago sosai ba ya ce mata, "Ko ki ɗauko cokali ki zauna, ko ki jira a falo. Ba a tsaya wa mai cin abinci a ka."

Ta ajiye jakar. Ta shiga kicin, ta daɗe fiye da yadda ɗauko cokali ke buƙata, na ji famfo na zuba. Da ta fito idonta ya yi ja. Ta ja kujera ta zauna, na zuba mata. Har ta gama hutunta ta koma, ban ji an ambaci sayar da gida ba.

Ya ƙara wasu shekaru a gidan. Ni na koma makaranta daga baya, aka kawo wata mata ta karɓe ni, abu na farko da na gaya mata shi ne ta riƙa zuwa da yunwarta. Ranar Lahadi nakan leƙa mu ci tare. A ɗakinsa ya rasu, a kan gadonsa, taga a buɗe ta wajen bishiyar matarsa.

Na taɓa ba malaminmu ƙarshen labarin. Ya ce, "Allah shi gafarta maka tafiyar, shi ba ka ladar kwanon." Na ce amin, kuma har yau ina cewa amin, don ban taɓa gaya wa kaina cewa tafiyar nan daidai ce ba. Abin da na sani kawai shi ne, da na tambayi dattijon tun farko me ke hana shi cin abinci, da ba mu ƙona man mota zuwa ko'ina ba. Amma ta yaya zan tambaya, ni da nake ganin abin da nake yi shi ne ƙarshen ladabi?

Wani lokaci in na bi ta hanyar da nake bi zuwa gidansa da tsakar rana, nakan ga 'yan'uwanmu a filin ajiye motoci, kowa a cikin tasa motar, kula a cinya, gilashi a rufe. Sai in tuna ni ma a lokacin ba daɗin cin nake ji ba, turawa kawai nake yi don in samu ƙarfin aiki. Wannan ne ke taɓa ni har yau idan na tuna dattijon. Watanni muka yi, shi a ciki ni a waje, taga ɗaya tsakaninmu, kowa na haɗiyar abincinsa da kyar, kuma kowannenmu ya yi shiru ne don kada ya takura wa ɗan'uwansa.